Inji Biyu a Sanda Ɗaya: Jan Hankali ga Makanikai da Manoman Rani na Kura da Bunkure

Yau zancenmu ya shafi mutum uku ne: manomin rani, direban da ke kwaso masa amfani daga gona, da makanikin da su biyun suke dogara da shi. Batun kuwa shi ne mayar da abin hawa mai shan fetur ya koma amfani da lantarki, musamman wata dabara da ke jan hankalin masu wannan aiki, wato haɗa injin lantarki biyu su riƙa juya sanda ɗaya.

Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ya san arzikinta ruwa ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta manyan magudanai ya ratsa dubban kadada, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Da wannan ruwa ake noma shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir. Shi ya raya injinan casar shinkafa na garin Kura, shi ya cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, shi kuma ya sa aka kafa kamfanin sarrafa tumatir na Dangote a Kadawa a 2016. Ruwan nan da ƙafarsa yake zuwa gona, ba a tura shi. Amfanin gona kuwa sai an ɗauko shi. Buhun shanshera da kwandon tumatir ba sa fitowa bakin titi sai da baro, ko amalanke, ko babur, ko 'yar ƙurƙura, ko a-kori-kura.

Daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ɗauko kaya ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Manomi shi ke biyan wannan kuɗi sau biyu: ya biya wajen kai taki gona, ya biya wajen fito da amfani. Wannan ya sa hankula suka karkata ga hasken rana da batir. Manoma sun ga yadda famfon ban-ruwa na sola yake aiki ba tare da ɗigon mai ba, sai tunani ya zo: abin da ya ɗaga ruwa, me zai hana shi jan kaya?

Tunanin yana da tushe. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa na Phoenix Renewables sun cire injinan fetur daga ƙananan motocin bas, suka sa na lantarki, motocin kuma suka yi jigilar fasinja a cikin gari. A Sakkwato, a 2021, hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mu kuma a Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013, babur mai ƙafa uku ya cika gari da ƙauye. Muna da gangar jikin da injinta ya mutu jibge a gareji, muna da masu walda, da masu rewaya, da masu naɗin koyil, ga kasuwar Ƙofar Ruwa da ta Sabon Gari. Hannun aiki akwai shi. Abin da ya rage shi ne a san ƙa'idar aikin kafin a zuba kuɗi.

To, daga ina maganar inji biyu ta taso? Injin fetur na A Daidaita Sahu ƙarfinsa kusan doki goma ne. Injinan lantarkin da suka fi yawa a kasuwa, waɗanda ake shigowa da su daga Sin, ƙanana ne: wat 1,000, wat 2,000, ko wat 3,000. Babba yana da tsada, yana kuma da wuyar samu. Sai mai gyara ya ce, tunda ƙaramin yana nan a araha, bari in haɗa biyu baki da gindi, ko in ɗaure su da sarƙa, su tura giyabos tare.

Wannan dabara ta daɗe a duniya. A Amurka, kan jirgin ƙasa na lantarki samfurin GG1, wanda aka fara ƙerawa a 1934, yana da inji 12, biyu-biyu suna juya aksul shida. A birnin Portland na jihar Oregon, wani mai suna John Wayland ya ɗauki tsohuwar Datsun ƙirar 1972, ya sa mata injin lantarki biyu da aka haɗe a sanda guda, motar da ya kira White Zombie, ta yi suna a gasar tsere. Ke nan abu ne mai yiwuwa. Sai dai waɗanda suka yi nasara sun yi ne da awo da lissafi, kuma wannan lissafin nake so mu bi shi daki-daki.

Abu na farko. Idan inji biyu suna kan sanda ɗaya, dole juyinsu ya zama ɗaya. Babu yadda za a yi wannan ya yi juyi dubu uku a minti, wancan ya yi dubu biyu da ɗari takwas. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙarfin murɗa sandar, wato ƙarfin ja. Gudun ƙarshe kuwa ƙarfin wutar batir da naɗin koyil da giya ne suke yanke shi. Direban da ya biya kuɗin inji na biyu yana tsammanin zai ninka gudunsa a titin Zariya, ya sani tun yanzu ba haka abin yake ba. Abin da zai samu shi ne ƙarfin tashi da lodi daga cikin laka, da ƙarfin hawa gaɓar magudana, da ƙarfin fitowa daga burji zuwa kwalta.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba, ita ce sauƙin zafi. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar da ke bi ta cikinta. Idan wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Haka kuma idan aka raba aiki ɗaya tsakanin inji biyu, kowanne ya ɗauki rabin wuta, zafin koyil ɗin kowanne zai sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙasarmu, inda girbin rani yake faɗowa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, wannan babbar riba ce. Injin lantarki zafi ne ajalinsa: shi ke ƙona rufin koyil, shi ke raunana maganaɗisu.

Amma wannan riba ba ta samuwa sai an raba aikin daidai, kuma nan ne gizo ke saƙar. Manomi ya san shanun huɗa. Idan aka sa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya, babban ne zai ja garma, ya kuma ja ɗan'uwansa, kafin azahar ya galabaita. Injin lantarki ma haka yake. Kowane inji yana da gudun da yake son yi a kan wutar da aka ba shi. Idan aka ɗaure biyu da ba jinsi ɗaya ba, mai son gudu zai kwashi nauyin duka, mai nawa kuma ya zama kaya. Wani lokaci ma har ya koma tamkar janareto, yana mayar da wuta baya, yana riƙe ɗan'uwansa. Mai abin hawa zai ga inji ɗaya ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, ɗayan kuma da ɗumi kawai. Bayan ɗan lokaci mai zafin ya ƙone, a ce kayan ne jabu, alhali haɗin ne ya ɓaci. Saboda haka sharaɗin farko shi ne injinan su zama na kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuma kada a haɗa sabo da wanda aka sake wa naɗi.

Abu na biyu shi ne irin injin, domin ba duka ne suke karɓar haɗi ta hanya ɗaya ba.

Akwai tsohon yayi, mai gawayin burushi, irin wanda ake cirowa daga injin ɗaga kaya na masana'antu. Wannan ya fi kowanne sauƙin haɗawa, kwanturola ɗaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa inji, tana iya tafiyar da biyu. Idan aka jera su, wuta ta fita daga na farko ta shiga na biyu, wuta iri ɗaya ce ke ratsa su, don haka suna raba aiki daidai da kansu, ga ƙarfin tashi, sai dai gudu kaɗan. Idan kuma aka ba kowanne cikakkiyar wutar batir kai tsaye, gudu zai ƙaru, amma jan wuta zai ninka. Tsofaffin jiragen lantarki na cikin birane a Turai da Amurka da wannan dabara suke tashi: su fara da haɗin jere, in sun miƙe hanya su koma ɗaya haɗin. Sai dai wannan iri yana da haɗari guda. Idan babu nauyi a kansa, gudu yake ta yi ba tsayawa har ya tarwatse. Ranar da mahaɗar da ke tsakanin injinan biyu ta karye alhali direba yana kan totur, wanda ya kuɓuce zai iya fashewa a ƙarƙashin kujera.

Akwai na zamani, marar burushi, mai maganaɗisu a ciki, shi ne ya fi yawa a kasuwarmu yanzu. Wannan yana da 'yan ƙananan na'urori a cikinsa da suke gaya wa kwanturola daidai inda maganaɗisu yake a kowane lokaci, ita kuma ta aika wuta ga koyil ɗin da ya dace. Kwanturola ɗaya inji ɗaya take saurare. Idan aka jona mata biyu, za ta riƙa ba na biyun wuta a lokacin da bai dace ba, sai dai in an daidaita cikinsu ƙwarai da gaske, ta yadda ko gashi ba zai goce ba. Da sarƙa ko bel wannan ba ya yiwuwa, domin sarƙa tana saki, bel yana sulɓewa. Hanyar da ta dace ita ce kowane inji da kwanturolarsa, iri ɗaya, saiti ɗaya, totur ɗaya yana ba su umarni tare. A nan makaniki ya faɗa wa mai kaya gaskiya: inji biyu yana nufin kwanturola biyu, fis biyu, waya ninki biyu. Kuma ya sani idan kwanturola ɗaya ta mutu a hanya, injinta bai huta ba. Muddin sandar tana juyawa, yana samar da wuta, in kuma koyil ɗinsa ya haɗe, zai riƙe tayar yana zafi.

Akwai kuma na uku, irin manyan injinan da ke juya na'urar casar shinkafa a Kura, masu layin wuta uku. Waɗannan suna iya raba inbata ɗaya idan samfurinsu ɗaya ne, amma nauyinsu da yawan wutar da suke buƙata sun fi ƙarfin babur mai ƙafa uku.

Abu na uku aikin ƙarfe ne. Sanda biyu da za a haɗa dole su zauna a layi ɗaya sak. Idan suka karkace ko da kaɗan ne, boris zai fara kuka, jiki ya ɗauki rawa, mahaɗa ta cinye. Wannan ba aikin awon ido da walda a bakin titi ba ne. Aikin mai injin gyaran ƙarfe ne, a fere mahaɗa daidai, a sa mai roba a tsakiya don ta shanye girgiza, a ɗaure injinan biyu a kan faranti ɗaya mai kauri wanda ba ya lanƙwasa a gargada. A kuma tuna cewa sandar injin da ke kusa da giyabos ita ce za ta ɗauki murɗar su biyun, alhali don ɗaya aka ƙera ta. Bayan ta akwai giyabos da aksul. Injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, ba kamar na fetur ba da sai ya ɗau wuta. Haƙoran giyar da suka yi shekaru suna jure wa injin fetur za su iya zubewa a fizga ɗaya. Shi ya sa ake saita kwanturola ta riƙa sakin ƙarfi sannu a hankali.

Abu na huɗu, wanda a ganina ya fi duka muhimmanci, shi ne batir. Inji ba ya ƙirƙirar ƙarfi, abin da ke cikin batir yake sha. Mu yi lissafi mai sauƙi. Inji mai wat 3,000 a kan batir mai bolt 72 yana jan amfiya kusan 42 idan yana cikakken aiki. Biyu za su ja sama da 83. Batir mai bolt 72 da amfiya-awa 100, in aka matsa masa haka ba sassauci, da ƙyar zai wuce awa guda. Tsakanin Kura da birnin Kano akwai kimanin kilomita 30, kuma a cikin gonaki babu wurin caji. Wanda damuwarsa nisan tafiya ce, kuɗin inji na biyu gara ya ƙara su a batir.

Sannan wayar da aka auna don amfiya 42, idan aka tura mata 83, zafinta ninki huɗu zai yi. Daga nan gobara take farawa. Batirin ruwa na sola da muke sawa a gidaje nauyi gare shi, kuma ba a yi shi don irin wannan fizga ba, zai mutu da wuri. Batirin litiyom shi ya dace, amma dole ya kasance da na'urar da ke tsaron cajinsa da zafinsa, wadda aka auna daidai da wutar inji biyu. Ina roƙon masu harhaɗa batir daga tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta su ji tsoron Allah. Wutar litiyom in ta kama ba ta mutuwa da sauƙi, kuma abin hawan nan cikin tattaka da buhunan shanshera zai riƙa kwana. Araha ba ta ado.

Kada kuma mu manta da birki. Duk wanda ya ga abin hawansa ya ƙara ƙarfin ja, lodi zai ƙara. Birki kuwa yana nan yadda kamfani ya yi shi, ga nauyin batir an ɗora. Hanyoyin cikin gonakinmu sirara ne, ruwa a gefe, yara da mata masu tsintar tumatir suna bi. Ƙarfin da ba a iya tsayar da shi masifa ne.

To, mene ne hukunci? Ni a wurina, haɗa inji biyu a sanda ɗaya hanya ce halastacciya a ilmin injiniya, amma ba ita ce ta farko da ya kamata a nufa ba. Ƙasar Kura da Bunkure shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunuka. Matsalarmu tashi da nauyi ce daga taɓo, kuma giya tana maganin wannan a kuɗi kaɗan. Idan aka bar giyabos na asali a jikin abin hawa, ko aka canza girman faifan sarƙa, inji ɗaya zai ninka ƙarfin jansa, gudu ne kawai zai ragu. Mai ɗauko tumatir a burji ba ya ma buƙatar gudu, domin gudu fasa masa kaya yake yi. In giya ba ta wadatar ba, a nemi inji ɗaya babba, domin idan aka tara kuɗin ƙanana biyu da kwanturola biyu da aikin mahaɗa, sau da yawa tazarar ba ta da yawa. Sai in duk wannan ya gagara, ko kuma babbar mota ce irin a-kori-kura, sannan a koma ga biyu, bisa sharuɗɗan da muka lissafa.

Kuma ko an haɗa, kada a miƙa wa mai shi makulli sai an gwada. A ɗora lodin da zai riƙa ɗauka, a bi hanyar da zai riƙa bi, a maƙala mitar awon wuta a wayar kowane inji, a ga ko suna ja daidai. A tsaya a auna zafin kowanne. In ɗaya ya ɗara ɗaya sosai, aiki bai ƙare ba.

Kirana na ƙarshe ga hukumomi ne. Muna da Jami'ar Bayero, muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, muna da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, ga tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, a tsakiyar gonakin nan. Ya kamata injiniyoyinsu su ɗauki 'yar ƙurƙura guda, su mayar da ita ta lantarki, su gwada ta a hanyoyin Kadawa da Ɗanhassan da Bunkure tsawon rani da damina, sannan su fitar da sakamakon da Hausa, a koya wa masu rewaya da makanikai kyauta. Gwamnatin jiha, wadda ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a Tiga, ta duba yadda za a samar da wuraren caji a Kwanar Gafan da Kura, ko da na sola ne. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa kuma su haɗa kuɗi a yi gwaji ɗaya na kowa, maimakon kowane manomi ya yi asara shi kaɗai.

Kai kuma ɗan'uwa manomi ko direba, kafin ka sayar da buhunan shinkafarka ka ba da aiki, yi wa makaniki tambaya huɗu: Injinan nan iri ɗaya ne? Kowanne da kwanturolarsa? Batir da waya za su ɗauki wutar su biyun? Birki fa, an ƙara masa ƙarfi? In ya amsa maka da lissafi, ba shi aikin. In ya ce maka kawai kada ka damu, riƙe kuɗinka.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu rani mai albarka, ya tsare mu a hanya.